Ƙosassun Karnukan Kwarin Baure

An cike ɗan ramin nan da ke gefen karagar mulki. Sarkin Dawa Mantau, shugaban mafarauta, ya lura da haka ne a lokacin da ya faɗi zai yi gaisuwa. An zuba sabuwar ƙasa an daɓe, har launinta ya fita daban da na sauran daɓen fadar. A daidai wurin karen marigayi Sarki Makau yake kwanciya, shekara da shekaru, har wurin ya lotsa ya ɗauki siffar jikinsa. Malamai sun sha yin ƙorafi a kan kare a cikin fada. Marigayin kuwa dariya yake yi, ya ce a ƙyale masa bafaden da bai taɓa roƙonsa sarauta ba. Yau wata bakwai ke nan da aka kai shi makwancinsa.

"Sarki ya gaishe ka, Sarkin Dawa," in ji dogarai.

Mantau ya ja jiki ya koma mazauninsa a ƙarshen sahu, can bayan hakimai. Sabon Sarkin Gilma, Jatau ɗan Makau, yana zaune yana jujjuya wata kibiya a hannu. Kibiya ce marar kai, kyauro zalla. Manzon Sarkin Zangarma ne ya kawo ta da hantsi, kamar yadda ake kawowa kowace shekara in an gama girbin dawa. Babu wanda bai san saƙonta ba a Birnin Gilma: jibi a haɗu a Kwarin Baure, a yi farautar amana.

Kwarin Baure yana tsakanin Gilma da Zangarma. Ruwansa ba ya ƙafewa ko da bazara, ciyawarsa ba ta ƙarewa. Shekara tara ƙasashen biyu suka yi suna zubar da jini a kansa. A al'adar mutanen da, cinyar dabbar farko da aka kashe a daji ta mai dajin ce. Duk wanda aka ajiye wa cinya a gabansa, to an ce masa ƙasa tasa ce, ko da ba a buɗe baki ba. Da yaƙi ya ishi kowa, Sarki Makau da takwaransa na Zangarma suka yi wata dabara. Za a riƙa fita farauta tare sau ɗaya a shekara, a kan dawakai, da karnukan ƙasashen biyu. In an kayar da gwankin farko, sarakunan dawa biyu su yanke cinyar, kowa ya kama gefe guda, su rataye ta a reshen tsohon bauren da ke tsakiyar kwarin. Ba mai ci, ba mai ɗauka. Shekara talatin da ɗaya ana haka, kuma a dukansu hannun Mantau ne a gefe ɗaya, hannun Cindo, Sarkin Dawan Zangarma, a ɗaya gefen.

Ƙaura Dangali, shugaban mayaƙan Gilma, shi ya fara magana.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Toron giwa, ɗan toron giwa. Amanar nan mutum biyu suka ƙulla ta, kuma dukansu ƙasa ta rufe musu ido. Ranau da ke kan gadon Zangarma a yau bai rantse mana da komai ba, mu ma ba mu rantse masa ba. Shanunmu sun ninka, jama'armu ta ninka, ga kwari muna kallo, aikinmu kawai mu rataye wa ungulu nama. Abin da na gani shi ne, jibi in gwanki ya faɗi, Sarkin Dawa ya yanko cinyar ya ajiye a gaban Zaki, a kan idon Zangarmawa. Ni kuma zan tsayar da mahaya 'yan lifidi ɗari biyu a bayan Dutsen Shirwa. In sun haɗiye, kwari ya zama namu ba a ƙwarzani kowa ba. In sun tofar, muna kusa."

Galadima Nomau, wanda tsufa ya sa sai an kama shi yake iya tashi, ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ni na ga shekara taran nan da idona. Ƙaura a goye yake a lokacin. Na ga ranar da aka rasa mazan da za su haƙa kabari a unguwar maƙera, sai mata suka ɗauki galma. Naman da Ƙaura yake jin ciwon ungulu na ci, cinya ɗaya ce a shekara. Kafin mahaifinka ya yi wannan dabara, ba cinyar gwanki ungulu ke ci a kwarin nan ba."

Ƙaura ya shafa gemu, ya yi ɗan murmushi.

"Galadima uban gari. Ai tsoro ma in ya yi furfura, hikima ake kiransa."

"Hattara dai, Ƙaura!" in ji dogarai.

Sarki ya ɗaga hannu. Ya ɗaga kai ya hango ƙarshen sahu.

"Sarkin Dawa, wuƙar a hannunka take. Me ka ce?"

Mantau ba mutumin fada ba ne. Ya fi sanin yadda ake magana da kare a kan yadda ake jera kalma a gaban manya. Ya matso da gwiwa, ya sunkuyar da kai.

"Zaki, ni abin da na sani kaɗan ne. Ranar da aka fara rataye cinyar nan, mahaifinka ya dafa kafaɗata ya ce, Mantau, wannan naman ya fi mana ganuwa. Na riƙe maganar. Kai ma a gaban sirdina ka fara ganin kwarin, kana ɗan shekara shida, kana ta kuka wai an hana ka riƙe igiyar kare. Cindo ne ya ba ka tasa sannan ka yi shiru."

Sarki ya daɗe yana kallon kibiyar. Har Galadima ya fara sa rai. Sai ya ajiye ta a gefe.

"Na tuna, Sarkin Dawa. Amma yau ba igiyar kare nake riƙe da ita ba. Za a yi yadda Ƙaura ya ce. A sallami manzo, a ce masa muna tafe."

*

Ranar farauta gari na wayewa suka fita ta Ƙofar Kudu, mahaya sittin, karnuka arba'in da biyu. Tun jiya da azahar ba a ba karnukan komai ba sai ruwa. Haka aka gada. Kare mai yunwa shi ke bin gwanki har ya kayar da shi, ƙosasshe kuwa inuwa yake nema. Duk wanda ya jefa wa kare ko da ɓawon ƙanzo a jajibirin farauta, ya san zai gamu da bulalar Mantau. Ga su nan suna tafe cikinsu a lafe, haƙarƙari a waje, suna jan igiya suna ƙugi. A gaba tsohuwar karyarsa ce, Ƙyale-su, wadda bakinta ya yi fari, amma har yau hancinta bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Hanyar ba ta sake ba. Ga karan dawa a jingine a gonaki, ga ɗorawar da suke tsayawa a gindinta matan ƙauye su kawo fura. Mutanen ne suka sake. A zamanin Makau, tun daga bakin ƙofa ake fara waƙa, Sarki da kansa ke bayarwa da muryarsa mai kama da ta jaki, fadawa na amsawa suna danne dariya. Mantau ya tuna shekarar da marigayin ya bi wani gadu ya afka taɓo shi da doki, har Sarkin Zangarma ya tuɓe tasa rigar ya ba shi. Ya dawo birni cikin rigar Zangarmawa, mai tsaron ƙofa ya tsaya yana yi masa tambayoyi, sai da ya ji zagin sannan ya gane ubangidansa. An yi shekara ana ba da labarin. Yau kuwa babu mai waƙa. In doki ya yi tuntuɓe, sai ka ji sulke ya yi ƙara a ƙarƙashin rigar farauta.

Da hantsi suka isa bakin kwarin ta arewa. Bisa al'ada sarakuna sukan tsaya kowa a nasa gefen, sarakunan dawa su fara haɗuwa a gindin baure su tsara yadda za a kora dabbobi. Daga nan a busa ƙaho. Mutanen Gilma su shigo ta wata 'yar siririyar hanya da ake kira Maƙoshi, kurmi a hagu, dutse a dama, Zangarmawa kuma su taso daga kudu, a haɗe a tsakiya.

Mantau ya ɗauki karnuka goma ya gangara. Tun daga nesa ya hango Cindo a tsaye, dogo, siriri, da hular nan tasa ta fatar gada wadda ta girmi wasu hakiman. A bayansa akwai wani ƙato a kan baƙin doki, hannunsa a kan ƙotar takobi.

"Tsohon banza!" in ji Cindo. "Ashe har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni in gaji karnukanka. Ko da yake me zan yi da karnukan da zomo ke kora?"

"Zomon Zangarma ai ya fi barewar Gilma nama. Ku da yunwa ta sa kuke farautar gafiya."

Suka tafa. Hannun Cindo da sanyi, kuma bai saki da wuri ba.

"Ina Arzika?" in ji Mantau. Ɗan Cindo ke nan, wanda tun yana ƙarami ba ya fashin wannan rana. Mantau ne ma ya ba shi kwikwiyonsa na farko.

"An sa shi wani aiki." Cindo ya nuna ƙaton da haɓa. "Wannan Barden Sarki ne. An ce ya rako ni, wai na tsufa, kada in faɗo daga doki a rasa mai ɗaga ni."

Barden bai yi dariya ba.

A nan ne Mantau ya ji wani abu ba daidai ba, kafin ma ya san ko mene ne. Shiru ya yi yawa. Duk shekara in karnukan biyu suka haɗu sai an yi ta gurnani da cizon kunne, sai an sa sanda an raba. Ya juya ya duba. Karnukan Zangarma suna kwance a inuwar baure, sun miƙe ƙafafu. Babban cikinsu, Wa-ya-sani, wanda ya taɓa kayar da gwanki shi kaɗai, ya ɗaga kai ya dubi Ƙyale-su, ya yi hamma, ya mayar da kai ƙasa. Kwiɓinsu a cike tim. A gashin bakin ɗaya har da busasshiyar miya.

Sabon shiga na iya yin wannan kuskure. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kwana da kare ba zai yi ba. Barden kuwa, mutumin takobi, yana kallon karnukan bai ga komai ba sai karnuka.

"Sun yi kyau bana," in ji Mantau a hankali. "Wa ke kula maka da su?"

"Da hannuna na kula da su yau da safe," in ji Cindo, yana kallonsa ido cikin ido. "Ban bar wa kowa ba."

"Rana na yi, Sarkin Dawa," in ji Barde.

Suka tsara kora sama-sama, suka rabu. Da Mantau ya juya akalar dokinsa, sai ya saci kallon kurmin da ke gefen Maƙoshi. Ba a kashe ko zomo ba tukuna, amma ga ungulu sun jeru a kan dogayen itatuwa. Ungulu ba ta bin inda ba a yi yanka ba. Akwai mutanen da suka sauka a cikin kurmin nan, suka ci, suke jira.

Bai saki doki da gudu ba sai da ya sha kwana.

*

Sarki yana kan wani kilin doki a gindin marke, Ƙaura a damansa. Mantau ya diro tun dokin bai gama tsayawa ba, ya faɗi.

"Zaki, mu juya. Zangarmawa ba farauta suka zo ba. An ƙosar da karnukansu."

Wani matashin hakimi ya tuntsire da dariya. "To sai me? A kan tumbin kare za mu koma gida?"

"Rufe mana baki," in ji Ƙaura, ba tare da ya dube shi ba. Ƙaura mugu ne amma ba wawa ba ne. "Ci gaba, Sarkin Dawa."

Mantau ya faɗi abin da ya gani, da Barden, da ungulu, da rashin Arzika wanda duk Zangarma ba a kai shi harbi ba.

"Maharba ne a cikin kurmi, ranka ya daɗe. Da mun shiga Maƙoshi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai fita. An tsare bakin Cindo, shi ya sa ya yi magana da cikin karnukansa. Ina roƙonka da girman kabarin mahaifinka, mu koma. Ka ce dokinka ya yi ɗingishi. Ka ce mafarki ka yi. Ka ce Sarkin Dawa ya tsufa ya rikice, a ɗora mini, na ɗauka. Mutumin nan ya sa wuyansa a bakin wuƙa ne don ka koma gida lafiya, ba don wani ya mutu ba."

Ƙaura ya sauko daga doki. Ya tsinko busasshiyar ciyawa ya murtsuke, ya ɗaga hannu ya saki. Iska ta kwashe ta ta nufi kurmi da ita. Ya dubi gambar da ta bushe ta kewaye kurmin ta arewa, tsayinta ya shanye mutum a kan doki. Fuskarsa ta washe.

"Allah ya taimaki Sarki, yau an kawo mana Zangarma a akushi. A aika wa 'yan lifidi su zagaya ta bayan dutse su tsaya a ƙofar kurmi ta kudu. Mu sa wa gamba wuta ta nan. Wanda wuta ta bari, mashi ya same shi. Abu ɗaya ya rage. Kada su ji a jikinsu. A busa ƙaho yadda aka saba, a saki karnuka yadda aka saba, su ɗauka muna tafe."

Duk ido ya koma kan ƙahon da ke rataye a wuyan Mantau.

"Zaki," in ji Mantau, "wannan ƙahon na amana ne. Duk wanda ya ji shi a kwarin nan ya san ba za a taɓa shi ba."

"Sun zo su kashe ni, Sarkin Dawa," in ji Sarki. Ya zama kamar yaron nan na gaban sirdi. "A farautar ubana suka zo su kashe ni."

"Mu ma ba fura muka kawo musu ba, ranka ya daɗe."

Dogarai suka zabura, takubba suka fito rabi. Sarki ya tsayar da su da ido. Ya dubi tsohon, ya ce, ba da ƙarfi ba:

"Ka ci tuwon gidanmu shekara hamsin. Busa."

Aka jira har ɗan aike ya je ya dawo ya ce 'yan lifidi sun kama hanya. Duk tsawon lokacin Mantau yana durƙushe, hannunsa a kan wuyan Ƙyale-su. Ya yi tunanin ya jefar da ƙahon. Ya yi tunanin ya busa shi a karkace yadda Cindo zai gane. Amma in Cindo ya gane, maharban za su fito tun 'yan lifidi ba su isa ba, kuma ɗan Makau ne a gaba. Ya duba ko'ina a cikin zuciyarsa bai sami hanyar da ba ta bi ta kan wani nasa ba.

Ya miƙe, ya kai ƙahon baki, ya busa sau uku, dogo, dogo, gajere, kamar kowace shekara.

Aka saki igiyoyi.

Na ɗan lokaci kaɗan, sai ka rantse zamanin da ne ya dawo. Karnuka suka kwarara cikin ciyawa kamar ruwan sama ya sauko daga dutse. Wani garken gwanki ya fashe daga gindin kanya, ƙahoni a kwance a baya, babban namijin yana gaba. Dawakai suka ɗaga kunne suna neman a sake su, har wani daga cikin mahaya ya manta ya yi kururuwar farauta. Mantau ya ji ƙirjinsa ya buɗe, ƙafarsa ta nemi ƙaimi da kanta. Ƙyale-su tana gaba, ta kusa cim ma na bayan garken. Sai ya ga ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Ta bar gwanki, ta juya ta nufi kurmi tana haushin da ba na dabba take yi wa ba. Rabin karnukan suka bi ta.

Kibiyar farko a ƙirji ta same ta.

"Wuta!" in ji Ƙaura.

Gamba ta kama kamar da ma jira take. Iska ta tura harshen wutar cikin kurmi, hayaƙi ya turnuƙe, ungulu suka tashi gaba ɗaya. Aka fara jin tari, sannan ihu. Maharban Zangarma, su kusan ɗari uku, suka yi ta ɓullowa ta kudu, idanu a rufe, wasu riguna na ci, wasu sun yar da baka. A nan suka tarar da 'yan lifidi a jere, kowa ya miƙo mashinsa. Ba a daɗe ba. Sarki Ranau, wanda ke jira da mahayansa a kudancin kwarin don ya zo ya ga gawar ɗan Makau, ya taso da gudu ya ceci mutanensa, sai Ƙaura ya faɗa masa ta gefe da mahaya sittin ɗin nan masu sulke a ƙarƙashin riga. Aka gauraya a bakin rafi, doki na hawa kan doki, takobi na cin garkuwa. Barden Zangarma ya kashe mutum huɗu kafin a soke shi. Kafin azahar ta gota, Ranau ya tsere da mahaya ashirin, ya bar tamburansa da laimarsa a cikin taɓo.

Gwankin kuwa sun haye dutse, ba wanda ya bi su.

*

Da la'asar aka kafa wa Sarki Jatau laima a gindin baure. Makaɗa suna dukan tamburan Zangarma, maroƙa suna kirarin da ba su taɓa yi wa ubansa ba. Mantau bai je ba sai da aka aiko. Yana bakin kurmi inda ake jera gawarwaki. Ya sami gawar karyarsa. Ya kuma sami Arzika, kwance a gefe, wuta ba ta taɓa fuskarsa ba, mashi ne ya shiga ta haƙarƙari.

Da ya iso, an riga an kawo kamammu. Cindo yana cikinsu, hannu a ɗaure ta baya, babu hula.

"Kai ne ka ƙosar da karnuka?" in ji Sarki.

"Ni ne, ɗan Makau." Bai ce ranka ya daɗe ba, kuma ba wanda ya tsawata masa. "An sa ni na rantse da ƙarfe ba zan furta kalma ba, ban kuwa furta ba. Na ɗauka akwai mai jin maganar kare a Gilma, zai kama linzaminka ya mai da kai gida, ubangidana ya gaji da jira ya kwashe 'ya'yan mutane daga kurmi, baɗi a sake haɗuwa kowa ya huce. Ashe rabi ya ji."

"Na faɗa, Cindo," in ji Mantau. "Na rantse na roƙa."

"Na ji ƙahon," in ji Cindo, bai juyo ba. "Shekara talatin da ɗaya ina jin sa. Na san bakin da ya busa."

Tamburan ma sai da suka sassauta. Sarki ya gyara zama, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ku shaida, jama'ar Gilma. Da ba don idon Sarkin Dawa ba, da yanzu ni ake ɗauka a makara. Daga yau Kwarin Baure ƙasarmu ce, daga dutse har rafi, kuma Mantau ne hakiminsa, shi da zuriyarsa. A kawo alkyabba, a kawo rawani. Bayan wannan, Sarkin Dawa, roƙi abin da kake so."

"Mutumin nan, Zaki," in ji Mantau, yana nuna Cindo.

Ƙaura ya buɗe baki, Sarki ya riga shi.

"Na ba ka. Ai ni ma yana bina rai. Cindo, Ranau ba zai kwana biyu bai san wanda ya tona shi ba, ka kuma san abin da zai yi maka. Akwai gida a Gilma, akwai gona, akwai karnuka. Ka zauna da mu har ƙarshen kwanakinka."

Maroƙa suka ɗauka, suna yabon adalcin Zaki. Mantau ya zare wuƙarsa ya yanke igiyar da hannunsa. Ya ruga ya jawo dokinsa, ya kawo gorar ruwa, yana magana da sauri, ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin yaro.

"Sha ruwa tukuna. Za mu ɗora Arzika a dokina, mu kai shi Gilma, a yi masa sutura irin ta 'ya'yan sarki. Ɗakina na gabas babu kowa a ciki. Kada ka koma kudu, Cindo, yanka ka za su yi. Ka zage ni in kana so, ka tsine mini, amma ka hau dokin nan."

Cindo ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Bai dubi gorar ba, bai dubi dokin ba. Ya ratsa tsakanin dogarai, suka dare masa. Ya taka har bakin kurmi, ya bi sahun gawarwakin a hankali har ya tsaya. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ɗansa, ya durƙusa, ya cicciɓe shi ya saɓa a kafaɗa. Sau biyu gwiwarsa tana ƙin tashi, a na uku ya miƙe.

A bayan Mantau wani bafade yana warware alkyabba yana cewa hakimi ya matso a yafa masa. Shi kuwa yana tsaye da linzami a hannu ɗaya, gora a ɗaya, yana kallon tsohon ya tsallaka rafi, ruwa har cinya, ya hau gangaren kudu, ya shige cikin ciyawar da wuta ba ta kai ba.